Tarihin Awon Jinin Mai Ciki: Daga Kan Duwatsu Zuwa Gulbin Kaba

 Zancenmu na yau a kan jini ne, jinin mace mai ciki. Ku mutanen Mayahi, da Kanambakashe, da Isawan, da Cake, da Tasawa, da Korgom, da Urafan, kun san wannan magana: "Likita ya ce ba ta da jini." Kun ji ta a bakin rijiya. Kun ji ta a gidan suna. Wani lokaci kuwa a gidan makoki kuka ji ta.

To, da me likita ya auna? Wa ya yanka ma'aunin, kuma yaushe? Me ya sa ma'aunin mai ciki ta Mayahi ya bambanta da na mai ciki ta kan dutse? Amsar tana cikin tarihi. Ku karanta sannu a hankali. Inda kuka ga lamba, ku tsaya ku dube ta da kyau, domin irinta ce ake rubutawa a katin awo.

Ayarin da ke cikin jiki

Dattawanku sun san ayarin Abzin. Bayan kaka, Buzaye kan sauko daga duwatsu da raƙuma, ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi. Cikin irin wannan ayari ne wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851. Ku riƙe ayarin nan a zuci, zai taimake mu.

Jikin babban mutum yana da jini wajen lita 5. Cikin jinin akwai ƙwayoyi jajaye, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Su ne raƙuman ayari. Suna zuwa huhu su ɗauki kaya, su kai ko'ina cikin jiki. Kayan kuwa shi ne oksijin, watau sashen iska da ke riƙe da rai. Kowace ƙwaya cike take da wani jan sinadari mai suna himogulobin. Shi ne taikin da ake zuba kayan. Shi ne kuma ke sa jini ya yi ja.

Jiki ba ya iya haɗa himogulobin sai da sinadarin ƙarfe, wanda muke samu kaɗan-kaɗan cikin abinci. A cikin ɓargo ake yin ƙwayoyin. Kowace takan yi kwana 120 tana aiki, sa'an nan ta mutu, wata ta maye gurbinta. Idan raƙuma sun yi kaɗan, ko taiki ya ƙanƙance, kaya ba za su ishi gari ba. Wannan shi ne ƙarancin jini.

Yadda aka san haka

Ba rana ɗaya aka san wannan ba. A 1674 wani mai sayar da tufafi a ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek, ya duba ɗigon jini da gilashi mai ƙara girman abu, wanda ya goge da hannunsa. Ya ga jajayen ƙwayoyin, ya ba da labarinsu.

A shekarun 1740 wani likita na birnin Bolonya a Italiya, Vincenzo Menghini, ya busar da jini, ya ƙone shi. Da ya kawo mayen ƙarfe kusa da tokar, sai ta manne. Aka tabbata ke nan akwai ƙarfe cikin jini.

A 1832 wani likitan Faransa, Pierre Blaud, ya haɗa ƙwayar magani da ƙarfe. Ya ba ƴan mata da suka ɗashe, suna yawan gajiya da haki. Suka murmure. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba matanku a wurin awo, jikar waccan ce.

A 1864 wani malami Bajamushe, Felix Hoppe-Seyler, ya raɗa wa jan sinadarin suna himogulobin. A 1902 kuma Hermann Sahli na ƙasar Suwis ya fito da ɗan ma'auni na gilashi, wanda ake gwada launin jini da shi. An daɗe ana aiki da shi a gidajen likita na Afirka. Daga baya aka samu ƙananan na'urori, irin su HemoCue ta ƙasar Suwidin. A huda yatsa, a ɗauki ɗigo guda, nan take lamba ta fito.

Jini a kan dutse

Yanzu mu hau dutse. Ana auna tsayin kowace ƙasa daga bakin teku, da mita. Mayahi da Tasawa suna wajen mita 400. Ƙololuwar dutsen Bagazam a Abzin, wadda ta fi ko'ina tsayi a Nijar, mita 2,022 ce. Birnin Jos a Nijeriya yana wajen mita 1,200. Adis Ababa a Habasha ya wuce mita 2,300. La Paz a ƙasar Bolibiya yana wajen mita 3,600.

Gwargwadon hawanka, gwargwadon yadda iska ke sakwarkwacewa. A La Paz, numfashi ɗaya yana kawo wajen kashi biyu cikin uku na oksijin da yake kawowa a bakin teku. Wani malamin Faransa, Paul Bert, shi ya bayyana wannan a 1878. Ya nuna cewa rashin isasshen oksijin ne ke sa baƙo ciwon kai da haki a kan dutse.

To, yaya mazauna dutse suke rayuwa? Wani likitan Faransa, François Viault, ya tafi ƙasar Peru don ya gani. Kafin ya hau, ya ƙirga ƙwayoyin jininsa a Lima, bakin teku. Cikin ɗigon da bai kai ƙwayar hatsi ba, ya samu wajen miliyan 5. Sai ya hau Morokoca, garin masu haƙar ma'adini, sama da mita 4,000. Bayan mako uku ya sake ƙirgawa, ya samu wajen miliyan 8. Ya ba da wannan labari a 1890.

Kun ga dabarar jiki? Inda kowane raƙumi ke samun kaya kaɗan, sai madugu ya ƙara raƙuma. Madugun kuwa ƙoda ce. A 1957 masu bincike a birnin Cikago na Amurka suka nuna cewa ƙoda ce ke aika saƙo ga ɓargo ya ƙara ƙwayoyi, idan oksijin ya ragu. Saboda haka mai lafiya a kan dutse, himogulobin ɗinsa ya fi na mai lafiya a kwari.

Matan dutse sun daɗe da sanin cewa ciki a can yana da wuya. A 1545 Sifaniyawa suka kafa garin Potosi a Bolibiya ta yau, wajen mita 4,000, saboda azurfa. Masu tarihin zamanin sun rubuta cewa matansu kan sauka kwari su haihu, domin jariransu ba sa rayuwa a sama. A shekarun 1950 likitocin jihar Kolorado a Amurka suka lura jariran garuruwan dutse ba su kai na kwari nauyi ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kowace mita 1,000 ta hawa tana rage wa jariri wajen giram 100.

Abin da ciki ke yi wa jini

Mu sauko wajen mai ciki. Uwargida, kin san yadda ake yi idan baƙi sun zo ba zato. Kina da fura a ƙwarya, sai ki ƙara ruwa don ta ishi kowa. Ƙwarya ta cika, amma fura ta tsinke. Haka jiki ke yi idan ciki ya shiga. Ruwan jini yana ƙaruwa da kusan rabi. Jajayen ƙwayoyi ma suna ƙaruwa, amma da wajen kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Jini ya yi yawa, amma ya tsinke kaɗan. Wannan ba ciwo ba ne. Yana sa jini ya gudana da sauƙi zuwa mabiyiya, inda ɗan tayi ke samun abinci da iska.

Sai dai ƙarin ƙwayoyin nan yana cin ƙarfe. Ɗan tayi ma yana ɗibar nasa. Daga shigar ciki zuwa haihuwa, mace tana bukatar ƙarfe wajen giram ɗaya, watau miligiram 1,000. Mata da yawa suna shiga ciki rumbun ƙarfensu ba kome. Nan ne tsinkewar lafiya ke komawa ciwo.

Ina iyaka tsakanin biyun? A 1968 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta tara masana suka yanka ma'auni. Ana auna giram nawa na himogulobin ke cikin desilita ɗaya na jini. Desilita kuwa, a raba lita gida goma a ɗauki ɗaya. Suka ce namiji kada ya gaza 13. Mace marar ciki kada ta gaza 12. Mai ciki kada ta gaza 11.

A 1989 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da jadawalin gyaran ma'auni don mazauna tudu, daga baya OMS ta ɗauke shi. A wancan jadawali, gyara yana farawa daga mita 1,000. A 2024 OMS ta sake duba lamarin duka, ta fitar da sabon ma'auni. Ga abin da ta ce game da mai ciki:

Wata uku na farko, iyaka 11.
Wata uku na tsakiya, iyaka 10.5, domin lokacin ne jini ya fi tsinkewa.
Wata uku na ƙarshe, iyaka 11.
Ƙasa da 7, a kowane wata, ƙarancin jini ne mai tsanani.

Gyaran tudu kuma yanzu yana farawa daga mita 500. A kati, likitocinmu kan sa waƙafi maimakon ɗigo, su rubuta 10,5. Duk ɗaya ne.

Ku ɗauki alli mu yi lissafi

Ga mata huɗu, kowace cikinta wata takwas. An auna su, kowace ta samu 11.2. Ko lafiyarsu ɗaya? Mu gani. Ƙa'ida ita ce, a cire abin da tudu ya ƙara, sa'an nan a gwada da 11.

Ta farko a Mayahi take, ƙasa da mita 500. Ba a cire kome. Tana da 11.2. Ta haye, amma da ƙyar.

Ta biyu a Jos take. Daga mita 1,000 zuwa 1,499 ana cire 0.8. Saura 10.4. Jininta ya gaza kaɗan.

Ta uku a Adis Ababa take. Daga mita 2,000 zuwa 2,499 ana cire 1.4. Saura 9.8. Jininta ya gaza sosai.

Ta huɗu a La Paz take. Daga mita 3,500 zuwa 3,999 ana cire 2.5. Saura 8.7. Wannan tana bukatar magani ba da wasa ba.

Lamba ɗaya, lafiya huɗu. Likitan da bai tambayi tsayin garin mace ba, zai iya sallamar marar lafiya ya ce kalau take.

Har wa yau, mutanen dutse ba ɗaya ba ne. Wata malama Ba'amurkiya, Cynthia Beall, ta yi shekaru tana auna su. Ta samu cewa mutanen duwatsun Andis na Peru da Bolibiya jininsu yana hawa ƙwarai. Mutanen Tibet kuwa, a tsayi iri ɗaya, nasu bai kai haka ba. A 2002 ta ba da labarin Amhara na duwatsun Habasha, sama da mita 3,500, waɗanda himogulobin ɗinsu ya yi kusa da na mutanen bakin teku. Dubban shekaru na zaman dutse sun ba kowace al'umma tata dabara. A Peru kuma likitoci sun nuna cewa jinin mai ciki idan ya yi kauri fiye da kima, ya wuce 14.5, shi ma yana hana jariri girma. Don haka har yanzu masana suna tattauna yadda za a yi gyaran tudu daidai da kowace al'umma.

Darasinmu a nan shi ne: a Mayahi da Tasawa ba a cire kome, ba a ƙara kome. Lambar da aka rubuta a kati, ita ce gaskiyar jinin. Kuma ƙarancin jinin matanmu ba daga tudu ko kwari yake ba. Ɓarayi ne ke satarsa. Bari mu kira su da sunansu.

Ɓarayin jini

Na farko, masassarar cizon sauro. A 1880, a garin Kustantina na Aljeriya, likitan soja Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin marar lafiya. A 1897 Ronald Ross ya nuna a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ita. Ƙwayar tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini, ta hayayyafa, ta fasa su. A jikin mai ciki tana ɓuya cikin mabiyiya. Mace na iya ɗauke da ita ba tare da jiki ya yi zafi ba, jini kuwa yana ta zurarewa. Mai cikin fari ta fi kowa haɗari. A ƙasarmu cutar tana tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aikin gona kuma ya yi yawa.

Na biyu, tsutsotsi. A 1851, shekarar da Barth ya iso Tasawa, wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar tsargiya a birnin Alƙahira. Tana shiga fata idan an yi wanka ko wanki a tabki, ta sa fitsarin jini. Akwai kuma tsutsar hanji mai shiga ta tafin ƙafa, ta maƙale tana tsotsar jini. A 1880 aka gane ita ce ta kwantar da leburori masu huda dutsen Gotar a ƙasar Suwis.

Na uku, rashin abinci mai gina jini. A 1928 wata likita ƴar Ingila, Lucy Wills, ta tafi birnin Bombai na Indiya, wanda yanzu ake kira Mumbai. Mata masu ciki, matalauta, suna mutuwa da wani irin ƙarancin jini wanda ƙarfe ba ya warkarwa. A 1931 ta nuna cewa wani abinci mai arha da ake yi da yisti, Marmite, yana warkar da su. A 1941 aka ware sinadarin daga ganye, aka sa masa suna folik asid. Shi ya sa ƙwayar awo take haɗe da abu biyu, ƙarfe da folik asid.

Na huɗu, haihuwa kusa-kusa da haihuwa da ƙuruciya. Kowane ciki yana kwashe rumbun ƙarfe. Idan kunika ta shiga tun rumbu bai cika ba, na biyu zai tarar da shi wayam. Yarinyar da ba ta gama girma ba kuwa, ita da ɗan tayi suna rabon ƙarfe guda. Ku ƙara da zubar jini ta hanyar ƙaho ko yankan gishiri, wanda mai ciki ba ta da rarar da za ta ba shi.

Akwai kuma amosanin jini, watau sikila, wanda ake gado daga uwa da uba. Mai wannan ciwo, cikinta yana bukatar idon likita tun daga farko.

Abin da aka gani a Zariya

Hujja mafi kusa da mu daga ƙasar Hausa ta fito. Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka rubuta labarin haihuwa 22,774, ɗaya bayan ɗaya. Aka buga sakamakon a 1985. Matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa, nesa ba kusa ba. Ya ga kuma matan da suka yi karatu sun fi zuwa awo, sun fi tsira.

A 1986 Farfesa Alan Fleming da su Harrison suka ba da sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki Hausawa 200 masu cikin fari a Zariya, suka kasa su gida biyar. Cikin waɗanda ba su sha maganin rigakafin masassara ba, 18 cikin 100 suka faɗa ƙarancin jini mai tsanani. Cikin waɗanda suka sha, 3 cikin 100 kawai. Waɗanda aka ƙara wa ƙarfe da folik asid suka fi samun jini. Waɗannan mata irin matanku ne, tuwonsu irin naku, saurayen daminarsu irin naku.

Tafiyar da jihar Maradi ta yi

A shekarun 1960, bayan samun mulkin kai, likitoci sun yi kaɗan ƙwarai a karkara. Sai aka fara wani tsari a jihar Maradi: gari ya zaɓi mutanensa, a koya musu aikin agaji, a horar da ungozomomi tsabta da gane alamun haɗari. A 1975 OMS ta buga labarin wannan tsari na Maradi don sauran ƙasashe su yi koyi. Taron Alma Ata na 1978 ya ɗora a kan irin wannan tunani, cewa a kai lafiya ƙauye.

Fari ya sha mayar da hannun agogo baya. An yi yunwa a 1973 da 1974, an yi a 1984, an yi a 2005. Kun san wanda ke ci a ƙarshe idan tuwo ya yi kaɗan: uwa ce.

Daga 2001 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. A 2005 Nijar ta karɓi tsarin ba mai ciki ƙwayar rigakafin masassara, wadda ake kira SP ko Fansidar. A watan Disamba na wannan shekara aka fara rabon gidan sauro mai magani a ƙasa duka, fiye da miliyan 2. A 2005 gwamnati ta yafe kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 ta yafe kuɗin awon ciki.

Duk da haka, babban binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya samu cewa mata 46 cikin 100 suna da ƙarancin jini. Cikin masu ciki kuwa, fiye da rabi ne. A ƙidayar wannan shekara, gundumar Mayahi da ta Tasawa kowace ta haura mutum rabin miliyan. Ku yi lissafin matan da abin ya shafa.

Daga 2014 aka kafa shiri a gidajen likita na ƙasa don tsayar da zubar jini bayan haihuwa. A 2023 aka ba da labari cewa mutuwar mata ta wannan hanya ta ragu da fiye da rabi. A 2018 kuma aka fitar da sabon irin hatsi mai suna Chakti, aikin cibiyar ICRISAT tare da INRAN. Yana nuna da wuri, kuma ya fi hatsin da aka saba yawan ƙarfe. Nijar ce ƙasar farko a Afirka da ta fitar da irinsa.

Abin da ya rage gare ku

Me ya sa muka tsaya a kan wannan magana? Domin kowace haihuwa tana zubar da jini, ko ta lafiya ce, har kusan rabin lita. Mai jini 12 za ta jure. Mai jini 6, wannan zubar kaɗai tana iya tafiya da ita. Ƙarancin jini yana kuma kawo bakwaini da jariri marar nauyi.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ku ja fatar ido ta ƙasa ku duba. Ku duba harshe da tafin hannu. Idan sun yi fari, ku yi shakka. Ga sauran alamu: gajiya ba dalili, jiri, haki bayan ɗan daka kaɗan, bugun zuciya, da kwaɗayin cin ƙasa. Amma ido yana ganin mai tsanani ne kawai. Sauran sai ma'auni.

Uwargida, ki je awo tun ciki yana ƙarami. Kunyar cikin fari al'ada ce, amma ba a ɓoye wa likita. Tun 2016 OMS ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa. Ki roƙa a auna jininki, a rubuta lambar, ki karanta ta da kanki. Ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum. Idan bayan gida ya yi baƙi, aikin ƙarfe ne, kada ki tsorata. Idan tana tayar miki da zuciya, ki sha bayan abincin dare. Kada ki sha ta da shayi, domin shayi yana hana ƙarfe shiga jiki. Ki ɓoye ta inda yara ba sa kai hannu, tana yi musu illa. Daga wata na huɗu ki karɓi SP, wata-wata, aƙalla sau 3, da maganin tsutsa idan an ba ki. Ki kwana cikin gidan sauro kowane dare.

Inna, uwar miji, ana cewa ƙwayar tana sa ɗa ya yi ƙato, haihuwa ta yi wuya. Ba haka ba ne. Tana kai jariri ga nauyinsa na daidai, tana ba uwa ƙarfin naƙuda. Ke ce ake jin maganarki a gida. Ki zama mai tuna wa sarakuwarki, ki kuma rage mata daka da ɗaukar ruwa.

Maigida, ranar kasuwa ka tuna da ita. Nama da kifi da fara suna da ƙarfen da jiki ke karɓa da sauƙi, ko kaɗan aka samu. Wake da gujiya, da zogala, da tafasa, da rama, da kuka, duk suna taimakawa. A haɗa su da lemun tsami, ko tumatir, ko gwaba, ko garin ɗiyan kuka, domin su ke buɗe wa ƙarfe hanya. Hatsin da aka jiƙa ya tsima, ƙarfensa ya fi shiga jiki. Ka tanadi kuɗin mota tun wata na bakwai. Ka san inda za ka samu amalanke da dare. Idan likita ya ce a kai ta asibitin Mayahi, ko Tasawa, ko Maradi don ƙarin jini, kada a kwana ana shawara. Kai da ƴan uwanka ku miƙa hannu. Namiji mai lafiya da ya ba da jini leda guda, jikinsa yana mayar da shi cikin ƴan makonni. Bayan haihuwa kuma, ku bar ta ta huta shekara biyu kafin wani ciki, rumbu ya cika.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna idan kun taru. Mace a Mayahi, cikinta wata biyar, katinta ya nuna 10,2: ta haye ko ta gaza? Cikin ɓarayin jini huɗu, wanne ya fi ɓarna a garinku? Idan mai ciki ta bukaci jini yau da dare, su wa za su bayar?

Mu kwana nan, jama'a. Sai mun sake saduwa.